Yadda Baba Nomau Ya Shuka Nonon Kurciya

Dalilin da ya sa 'yar ciyawar nan ta bakin lambu take zubar da farin ruwa in kun karya ta, har ake ce mata nonon kurciya, alhali kurciyar ko ɗigo ba ta da shi, to ku matso ku ji. Ni ma da aka fara gaya mini sai da kaina ya ɗaure.

A zamanin da, Kurciya tana da nono, amma ba a jikinta ba. A wani ɗan ƙoƙo yake, rataye a wuyanta. Baƙin zanen nan da kuke gani a wuyan wasu kurciyoyi, gurbin igiyar ne. In ta shayar da 'ya'yanta da safe, muddin ta rage kaɗan a ciki, kafin la'asar ya sake cika.

Sheƙarta tana kan mangwaron lambun wani tsoho, Baba Nomau. Mutumin kirki ne, sai dai tun tasowarsa bai san komai ba sai iri da ban ruwa.

Ran nan aka aiko wa Kurciya cewa yayarta ta yi ƙyanƙyasa a hayin kogi. Barka dole ce, ga iska tana kaɗawa, ta ji tsoron kada nonon ya zube a hanya. Ta shayar da 'ya'yanta biyu, waɗanda ko gashi bai gama fito musu ba, ta sauko.

Ta ce, “Baba, ga nonona. Don Allah ka rufe mini shi kafin in dawo.”

Ya ce, “In rufe shi? Haka kawai?”

“Ka rufe shi da kyau.”

Ita faifai take nufi, don ƙuda. Shi kuwa a wurin Baba Nomau, abin da duk aka ce a rufe, da ƙasa ake rufe shi. Ya juya ƙoƙon yana mamaki, ya ce a ransa, “Ashe nono ma iri gare shi!” Ya tona rami a gefen fangalin albasa, ya juye, ya tura ƙasa. Da yake sabo turken wawa ne, har ruwa ya ba shi.

Da la'asar Kurciya ta dawo, tun daga nesa tana jin kukan 'ya'yanta.

“Baba, ina ajiyata?”

Ya miƙo mata ƙoƙo a wanke tas, yana murmushi. “Na rufe, 'yar nan. In Allah ya so zai tsiro.”

Ta dubi ƙoƙon, ta dubi tsohon. “Me zai tsiro?”

“Nonon mana.”

“Wane ne ya ce ka shuka?”

“Ke kika ce in rufe.”

“To, rufewa shuka ce?”

Baba Nomau ya sosa ƙeya. “In ba shuka ba ce, mece ce?”

Nan suka tsaya cirko-cirko, kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya zautu. Da ya nuna mata wurin, sai ta dira a kai. Ta yi ta tono da ƙafa, ba komai sai laka. Ta tambayi Albasa, Albasa ta ce ita dai ruwa ta gani. Ta tambayi Tattasai, ya ce a daina sa shi cikin maganar da bai sani ba. Can sama kuma kukan 'ya'yan ya fara yin ƙasa-ƙasa, abin da ya fi tsorata ta ke nan.

Garin tono ta taka wata 'yar ciyawa da ko suna ba ta da shi. Reshen ya karye, sai ga fari ya ɓullo.

Kurciya ta ce, “Ke! Nonona ne wannan!”

Ciyawa ta ce, “Naki ne? Wallahi na ɗauka sabon taki ne. Ni ma tun ɗazu nake jin jikina wani iri.”

“To, ba ni abina.”

“Ta ina? Ya riga ya bi jiki.”

Ta tara ƙoƙo, ɗigon ya daskare tun bai sauka ba. Baba Nomau ya ce a ƙara ruwa ko zai kawo, ta harare shi. Da dabara ta ƙare mata, sai ta sa baki ta tsotsi ɗigon, ta karya wani reshe ta tsotsa, ta tara a maƙogwaro ba ta haɗiye ba. Ɗaci kamar ya kashe ta, amma ta daure har ya huce. Ta tashi sama, ta tarar ƙaramin ko kai ba ya iya ɗagawa. Ta buɗe baki, ta cusa nasa a ciki. Can sai ta ji yana ja.

'Ya'ya sun rayu, amma ƙoƙo bai sake cika ba, don ba a rage masa komai ba.

Shi ya sa har yau kurciya baki da baki take ciyar da 'ya'yanta, nonon kuwa yana jikin ciyawa. In kun karya ta kun ga farin ruwan, kada ku lasa, kada ku kai ido. Abincin jariran wata ne, a hannun wadda ba ta san yadda za ta mayar ba.