Mutumin da Ya Ba Gwauruwa Sannu

Akwai wani mutum, manomi, wanda ba a taɓa jin baƙar magana a bakinsa ba. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne sannu. In ya ga mai noma, sannu da aiki. In baƙo ya sauka, sannu da zuwa. Mace ta haihu, sannu da arziki. An yi rashi, sannu da haƙuri. Ko yaro ne ya yi tuntuɓe, kafin uwarsa ta juyo shi ya riga ya ce sannu. Mutanen garin suna cewa ba mai kirki kamarsa.

Kusa da gidansa akwai wata tsohuwa, gwauruwa, tana riƙon jikokinta marayu. Abin da suke da shi duka a duniya dawa ce a rumbu ɗaya. Gara ta cinye jinkar rumbun, sai tsohuwar ta sa aka sauke ta, aka ɗinka sabuwa a ƙasa. Kun san jinka, a ƙasa ake ɗinka ta, sa'an nan maza su kewaye ta, su ɗaga gaba ɗaya su ɗora. In gefe ɗaya ba kafaɗa, ba ta hawa.

Ran da za a ɗora, ranar kasuwa ce, maza sun watse. Ga hadari ya haɗo daga gabas tun lokacinsa bai yi ba. Tsohuwar ta bi gida gida ta samo maza uku, saura gefe ɗaya. Sai ga manomin nan ya fito cikin farar riga, za shi barkar haihuwa ƙauyen gaba.

Ta tare shi ta ce, "Ɗan nan, ara mini kafaɗarka. Ɗagawa ɗaya ce."

Ya dubi jinkar, ya dubi rigarsa. Ya ce, "Wayyo, Inna, sannu da fama. Sannunku da aiki, jama'a. Ku bi ta sannu sannu, za ta hau." Ya kama hanyarsa.

Mutum ukun suka ɗaga. Jinkar ta karkace ta gefen da ba kowa, ta faɗo, ta karye. Kafin a nemo tabarmi a rufe bakin rumbun, ruwa ya sauko, ya yi ta zuba har cikinsa. Dawar ta jiƙe, ta yi tsiro, ta yi baƙi. Ko kaji sai sun tona sun bari.

Washegari manomin ya zo har ƙofar gida ya durƙusa. Ya ce, "Inna, na ji abin da ya faru. Sannu da haƙuri." Har da ƙwalla a idonsa.

Damina ba ta raba ba abinci ya ƙare. Dangi suka zo suka rarraba yaran, wannan gabas, wancan yamma. Ita kuma tsohuwar ta ɗaure 'yan tsummokinta da tukunyarta, za ta koma gidan ƙanenta. A bakin gari ta gamu da manomin.

Ya ce, "Sannu da kaya, Inna."

Ta tsaya, kayan na bisa kanta. Ta ce, "Ɗan nan, riƙe wannan sannun. Waɗanda ka ba ni a baya na zuba su a tukunya, yaran ba su ƙoshi ba." Ta wuce. Shi kuwa ya koma gida yana mamakin yadda tsufa ke ɓata halin mutum.

Ma'anar misalin nan, ku buɗe kunne. Manomin nan bai yi sata ba, bai zagi kowa ba, sujada a majami'a ma ba ta wuce shi. Sannu kuma ba abar banza ba ce. Iyayenmu sun bar mana ita don ta shiga gaba, hannu ya biyo baya. Mai cewa sannu da aiki, da can, fartanya yake karɓa. Mai cewa sannu da kaya, sauke maka yake yi. Yanzu mun riƙe kalmar, mun bar hannun a aljihu.

Rumbun nan ran maƙwabcinka ne. Gefen da ba kowa, wurinka ne, ba wanda zai tsaya maka. Farar rigar kuwa kowa ya san tasa.

Ku matan zumunta, da ku nake. Bara da ƙafa ta kwantar da ni, kun zo cikin anko kun cika mini ɗaki da sannu, kun yi waƙa, kun yi addu'a. Ba wadda ta leƙa randa ta ga ko da ruwa. Ba roƙo nake ba, ban taɓa roƙon kowa ba, da rarrafe na je na ɗebo. Ina faɗa ne don yaran nan da ke zaune su ji.

Ubangiji Yesu bai leƙo daga sama ya ce mana sannu da zunubi ba. Saukowa ya yi ya sa kafaɗa. Ranar da zai tambaye ku gwauruwar nan, kada wanda ya ce masa, "Ai na gaishe ta."