Gurbin da Inna Ta Bar Wa Mai Hoto

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Kaura Namoda, sunansa Misbahu. Maganar gaskiya, ya iya aikinsa. In ana biki ko suna ko walimar sauka, daga Kaura har Zurmi shi ake nema.

Amma yana da ciwo guda, ciwon sabuwar kyamara. Kamfanin da yake sayen kayansu ba ya barin mutum ya huta. Kusan kowace shekara sai sun fito da sabon samfuri, sun ƙara harafi ɗaya a bayan sunan, sun ce wannan ta fi saurin kama fuska, batirinta ya ɗan fi jimawa. In ka jera hoton tsohuwar da na sabuwar, shi kansa sai ya ƙura ido kafin ya gane bambanci.

Duk da haka, ranar da aka sanar da sabuwa a zauren masu hoto na WhatsApp, tasa ta fita ransa ke nan. Har kunyar rataya ta a wuya yake ji.

Ba daɗi yake ji ba, kada ku ɗauka. In kyamara ta zo yana fama da koyonta, in ya iya ta yana zullumin wadda za ta biyo bayanta. Ya gaji, amma ya rasa ƙofar fita.

"Wagga ita ce ta ƙarshe," yakan ce wa matarsa Salima.

"Haka kac ce bara," in ji ta, ba ta ko ɗago kai.

Mahaifiyarsa, Inna Hadiza, tana Katuru, kusa da Shinkafi. Uwar mai hoto guda, amma ba ta da hoto a duniya sai na katin zaɓe, wanda ta fito kamar an tsorata ta. Misbahu ɗan fari ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, balle ta roƙe shi abu baki da baki. Sai ta aika ƙanwarsa Zulaihat, wadda ke aure a Zurmi.

"Yaya, Inna ta ce a gaya ma mai hoto tana son a ɗauke ta da jikokinta, su san huskarta."

"Tau, ki ce ta yi haƙuri kaɗan. Akwai wata na tahe, da ita za ni ɗauki Inna."

Waccan ta iso, sai aka ji labarin wata da ta fi ta. Ƙaramar Sallah ta wuce, babba ta wuce, aka girbe gero. Ga shi tara 'yan gida wuri ɗaya ba abu ne mai sauƙi ba, don hanya ba kullum take biyuwa ba. Da Zulaihat ta gaji da gafara sa, sai ta tsayar da rana da kanta, ranar kasuwar Shinkafi da motoci ke yawa.

Da safiyar ranar sabuwar kyamara ta iso tasha daga Kano. Misbahu ya karɓi kwalin, ya miƙa wa direba tsohuwar da aka yi musaya da ita, ya zuba katinan ajiye hotunansa a aljihu. Bai tsaya gwaji ba, ya kwashi iyalinsa sai Katuru.

Sun tarar Inna ta ciro atamfar da ta daɗe a ƙasan akwati, ta sa kwalli, ta yi lalle. An shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro, an jera jikoki an goge musu fuska.

Misbahu ya buɗe kwali ana kallonsa. Ya sa batir, ta kunna. Ya ciro kati ya tura, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya ƙi. Ashe cikin 'yan sauye-sauyen da ya yi ta yabo akwai wanda bai lura da shi ba: sabuwar wani irin kati daban take ci. Babu irinsa a Shinkafi, ko a Gusau sai an dace. Zufa ta karyo masa.

"Yaya, ka ɗauka da waya mana," in ji Zulaihat. "Kahin la'asar za mu kama hanya."

"Ni, da waya? Inna ta hi ƙarhin hoton waya."

Ya koma gefe yana neman mutumin Kano da ya sayar masa da ita, layi yana yankewa. Yara suka fara mutsu-mutsu, inuwa tana gusawa.

Sai Inna ta dafa tabarma a gefen damanta, ta ce, "Kai, aje abin nan. Taho ka zamna nan kusa da ni."

Tunda aka haife shi ba a taɓa jin ta faɗi haka ba.

"Ina zuwa, Inna," ya ce, kansa yana kan kyamara.

Zulaihat ta miƙa wa maƙwabciya wayarta mai fasasshen gilashi, ta ce ta danna. Aka danna, aka watse. Misbahu ya yi alkawarin dawowa da kati, a yi hoto na gaske.

Katin ya iso. Kafin a sake samun ranar haɗuwa, zazzaɓi ya kwantar da Inna, Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan an share makoki Zulaihat ta turo masa hoton. Ya karkace, hasken ya yi yawa. Inna tana tsakiya tana murmushi, jikoki sun kewaye ta, hannunta yana kan tabarma inda babu kowa. Can a gefe ga rabin jikin Misbahu, ya sunkuya kan kyamara, ko fuskarsa ba a gani.

Ya zauna a shago ya zuba duk iyawarsa. Ya gyara hasken, ya miƙar da hoton, ya wanke shi babba. Gurbin nan dai yana nan, babu na'urar da za ta zaunar da shi a ciki. Yana cikin kallo wayarsa ta yi ƙara, ana murna a zaure wai wata sabuwa za ta fito. Ya kife wayar, ransa ya ɓaci da kansa.

Da ya kai hoton gida, 'yarsa Nadiya ta daɗe tana dubawa. Ta ɗora yatsa kusa da hannun kakarta.

"Baba, nan wurin wa Inna ta aje?"

Salima ta janye yarinyar, ta bar Misbahu da hawayensa.

Darasi: Masu ƙera kaya ba za su daina fito da sabo ba, amma iyayenka ba su da sabon samfuri. Kada jiran abin da ya fi ya hana ka amfani da wanda ke hannunka. In an kira ka ka zauna, ka ajiye komai ka zauna. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana cewa "sai kaza ta iso", ko Allah Ya sa ya je gida yau.