'Ya'yan Malam-Buɗe-Littafi

A zamanin da, tun garuruwa na zaune cikin ganuwa, an yi wani sarki mai adalci daidai gwargwado, sai dai akwai shi da saurin fushi. A bayan fadarsa akwai lambun furanni wanda mahaifiyarsa, Mai Babban Ɗaki, ta dasa da hannunta kafin Allah ya yi mata rasuwa. Akwai wardi, akwai lalle, amma abin da ya fi yawa shi ne filasko mai furen ruwan ɗorawa. Ba irin shukar nan ba ce da ake yi bana ta mutu bana. Saiwarta na nan cikin ƙasa, kowace damina sai ta sake toho, ta yi fure. Da la'asar sarki kan zauna a wurin yana kallon malam-buɗe-littafi suna shawagi bisa furannin, kamar yadda tsohuwar ta saba yi, ya ji sanyi a ransa.

To, wata damina sai tsutsa ta auka wa lambun nan. Koriya ce, ba ta fi ɗan yatsa ba, amma wajen ci sai ka ce an aiko ta. Ta ci ganye, ta ci toho, ta ci furen tun bai buɗe ba. Da sarki ya shiga ya ga filaskon mahaifiyarsa ya koma tsirara sai tsinke, sai ya kira Waziri ya ce, "Shekara ashirin ba a taɓa ganin haka ba. Wannan da hannun wani a ciki. Na ba ka kwana uku ka kawo mini mai wannan ɓarna."

Mai kula da lambun wani dattijo ne, Nomau, wanda ake kira Sarkin Lambu. Mutum ne mai aiki da yawa, magana kaɗan, kaɗan ɗin ma da tsaki take fitowa. Babu abin da bai gwada ba. Ya barbaɗa toka, ruwan sama ya wanke. Ya jiƙa ɓawon maɗaci ya yayyafa, tsutsa ta yi kamar an ƙara mata gishiri. Ya saki zabbi, suka bar tsutsa suka shiga tonon saiwar wardi, sai da ya bi su da sanda. Daga ƙarshe ya koma tsince ta da hannu, ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa a ƙwarya, bayansa kamar zai ɓalle.

Yana cikin wannan hali Waziri ya iso, ana riƙe masa da laima. Ko ganinsa Nomau ba ya son yi, domin bara Wazirin nan ne ya sa aka sheme wani fagen tafasa da ke bayan katangar lambu, ya gina wa baƙinsa rumfa. A lokacin Nomau ya buɗe baki zai yi magana, aka ce masa ya yi shiru, ciyawa ce kawai.

Waziri ya tsaya nesa kada raɓa ta taɓa masa riga, ya ce, "Kai Sarkin Lambu, wa ya yi wannan aika-aika?"

Nomau bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, wa zai yi in ba 'ya'yan malam-buɗe-littafi ba? Uban ya zo ya ajiye su, su kuma su yi ta ci."

Waziri ya zaro ido. "Ka tabbata?"

"Kullum ina kallonsu da idona."

Waziri ya ce, "Madalla," ya juya da sauri har mai laima na tuntuɓe.

Ku kuwa masu sauraro, ga inda matsalar take. A garin nan akwai wani malami mai suna Malam Zubairu, wanda ba ka tambayarsa komai, ko da farashin albasa ne, sai ya ce, "Bari in buɗe littafi." Saboda haka mutanen gari suka laƙaba masa Malam Buɗe-Littafi, har wasu sun manta sunansa na yanka. Waziri kuwa yana da jiƙaƙƙa da shi, don Malam ya taɓa buɗe littafin nan a gaban fada ya gyara masa kuskure a rabon gado. Malam na da 'ya'ya biyu magidanta, Ƙasimu da Muntari, duka marina. Kafin azahar dogarai sun kamo su daga bakin karofi, hannuwansu shuɗi fes da baba, aka jefa su kurkuku. Aka yi shela cewa ranar Juma'a za a yi musu bulala a kore su daga ƙasar.

Nomau bai san wainar da ake toyawa ba sai da ya ga Malam Zubairu tsaye a ƙofar lambu, rawaninsa a karkace, idanunsa sun yi ja.

Malam ya ce, "Nomau, me muka yi maka? An ce kai ka ba da shaida a kan yarana. Wallahi ko hanyar lambun nan ba su sani ba."

Ƙwaryar da ke hannun Nomau ta suɓuce, tsutsotsin da ya wuni yana tsinta suka watse. Ya dafe kai ya ce, "Innalillahi! Malam, ƙwaron nake nufi! Ƙwaron nan mai fiffike! Kai, wannan wace irin masifa ce? Mutum ya shekara bai yi magana ba, ranar da ya yi kuma a ɗaure mutane!" Kunya ta kama shi, haushi ya turnuƙe shi, bai tsaya wanke hannu ba ya nufi fada.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an yi kuskure. Malamin da na ambata ba ya da rawani. Malam-buɗe-littafi nake nufi, mai tashi sama. Shi ke sauka a ganye ya yi ƙwai, ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta ci ta ƙoshi, ta naɗe kanta, ta fito da fiffike. 'Ya'yansa ne."

Fada ta ɗauki dariya. Waziri ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, a ji fa! Uba da fiffike, ɗa da jan ciki? Akuya akuya take haifa, kaza kuma ɗan tsako. Dattijon nan ya faɗi gaskiya da safe, malamin ya je ya ba shi tsoro, shi ne ya zo yana juya magana. Sihiri suka yi suka turo tsutsar."

Sarki bai yi dariya ba, fuskarsa ta ɗaure. Ya ce, "Nomau, ka san yadda mahaifiyata ke son ƙwarin nan. Yanzu don ka kuɓutar da masu laifi sai ka ɗora wa abin da take ƙauna?"

Nomau ya ji kamar ya kurma ihu. Shekara talatin yana kallon abin nan da idonsa, ga shi yau mutanen da ba su taɓa juya ganye sun duba bayansa ba suna koya masa. Ya haɗiye fushinsa da ƙyar, ya ce, "Allah ya taimaki sarki, kada a yarda da ni. A ɗage hukunci kwana goma sha biyu. A kawo ƙwarya, a sa tsutsa uku da ganyen filasko, a rufe da faifai, a ɗaure. In an buɗe ba a ga abin da na faɗa ba, a haɗa ni da su a kora."

Waziri ya ce, "Ya je ya musanya a ɓoye ke nan."

Nomau ya ce, "Ai shi ya sa nake roƙon a ba wanda ya fi kowa amana a ƙasar nan ajiyarta. Waziri ya zaɓi tsutsar da hannunsa, ya buga hatiminsa, ya ajiye a ɗakinsa."

Fadawa suka ce, "Gaskiya ne!" Waziri ya amince ala tilas, don ba ya iya musun cewa shi ne mafi amana. Haka aka kai shi lambu, ya tattare hannun riga, yana yamutsa fuska, ya tsinci tsutsa uku. Nomau na gefe yana cewa, "Manya-manya, ranka ya daɗe, babban mutum ai sai manya." Ya san manyan ne suka kusa naɗe kansu.

Kwanakin nan goma sha biyu Nomau bai ji daɗin tuwo ba. Idan Waziri ya bar ƙwaryar a rana fa? Idan tururuwa ta shiga? Kullum da safe sai ya ga matan Ƙasimu da Muntari sun wuce da abinci zuwa kurkuku, ba mai kallonsa a cikinsu, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tsintar tsutsa yana tsine wa bakinsa. Ya je ya tambayi Malam Zubairu ko littafi ya faɗi wani abu a kan lamarin. Malam ya ce ya buɗe duk wanda yake da shi, bai samu ba.

Ranar da aka ɗiba ta zo, fada ta cika maƙil. Aka fito da marinan nan biyu, shuɗin hannunsu har ya fara koɗewa. Waziri ya nuna hatiminsa bai taɓu ba, ya kwance igiya, ya ɗaga faifai, ya leƙa. Sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya karkata ƙwaryar kowa ya gani. Babu komai ciki sai busasshen ganye da kashin tsutsa da wata guda ɗaya da ta mutu ta yi baƙi.

Nomau ya ƙura wa ƙwaryar ido. Sai can ya tuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, juya faifan da ke hannunka."

Waziri ya juya. Ga malam-buɗe-littafi biyu maƙale a cikin faifan, farare masu ɗan kore, kusa da kowanne ga kwanson da ya fito daga ciki a tsage. Ɗaya ya buɗe fiffike, ya rufe, ya sake buɗewa, sannan ya tashi ya zaga fada, ya rasa wurin sauka sai bisa rawanin Waziri. Wani bafade ya yi tari don kada dariya ta kufce masa.

Sarki ya bi ƙwaron da kallo. Sannan ya ce, "A kwance su." Aka kwance Ƙasimu da Muntari, Malam Zubairu ya rungume su yana hawaye. Waziri kuwa, don ya rufe kunyarsa, sai ya yi wuf ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tunda an gano mai laifi, a yi shela duk inda aka ga ƙwaron nan a kashe."

Nan fa haƙurin Nomau ya ƙare. Ya ce, "Haba! Haba, ranka ya daɗe! Jiya a kori marina, yau a kashe ƙwari, gobe kuma sai a kama damina? Allah ya taimaki sarki, a bar ni in ƙarasa magana ko sau ɗaya a rayuwata."

Sarki ya ce, "Ƙarasa."

Nomau ya ce, "Mai Babban Ɗaki, Allah ya jiƙanta, ta san duk wannan. Ita ta sa aka bar fagen tafasa a bayan katanga, domin tafasa da filasko dangi ne, ƙwaron ya fi son ya yi ƙwai a can. 'Yan kaɗan da suka ɓato cikin lambu, da safe takan fito da ƙoƙo ta tsince su da hannunta, ta kai su cikin tafasa ta sake su. Takan ce mini, 'Nomau, baƙina ne, a kai su masauki.' Ba ta taɓa kashe ko ɗaya ba. Bara aka sheme masaukin aka yi rumfa. To, baƙo ya zo bai ga masauki ba, ina zai nufa in ba cikin gida ba?"

Sarki ya sunkuyar da kai. Yana yaro ya sha ganin ƙoƙon nan a hannunta, bai taɓa tambayar na mene ne ba. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Wa ya sheme tafasar?"

Kowa ya kalli rawanin da ƙwaron ke zaune a kai.

Sarki ya yanke hukunci. A rushe rumfa a mayar da tafasa. A ba Ƙasimu da Muntari riguna, a kuma yi shela a kasuwa cewa ba su da laifi. Waziri ya je har gida ya nemi gafarar Malam Zubairu. Sannan, har tafasar ta tsiro, kowace safiya Waziri zai fito da kansa, ba laima, ya tsince tsutsa ya kai ta bakin rafi inda wata tafasar take, a ƙarƙashin umarnin Sarkin Lambu. Ya juya ga Nomau ya ce, "Kai kuma, daga yau in za ka yi magana, ka yi ta har ƙarshe."

Filasko ya sake toho kafin damina ta wuce, domin saiwarsa ba ta mutu ba. Washegarin hukunci kuwa, da hantsi, Waziri ya iso lambu yana huci, ya miƙa hannu a ba shi abin zuba tsutsa. Nomau ya shiga bukkarsa ya fito da tsohon ƙoƙon nan na Mai Babban Ɗaki, wanda aka ɗinke tsagarsa da zare. Kafin Waziri ya karɓa, sai aka ji murya daga ƙofar lambu.

"Ba shi wani. Wannan nawa ne."

Sarki ne, shi kaɗai, ya tattare hannun riga.