Irshad da Rawanin Waliyin Jirgin Taurari

Akwai wani ɗan wasan talabijin a unguwarmu ta Ichhra a Lahore, sunansa Irshad Gondal. Shekara ashirin yana harkar, amma ko maƙwabtansa ba su taɓa lura da shi a akwati ba, don kullum shi ne mai gadin da ke buɗe ƙofa ya ɓace.

Kwatsam sa'a ta faɗo masa. Aka fara wani shiri mai dogon zango a kan mutanen da duniya ta ƙone musu, suka cika wani ƙaton jirgi suna yawo cikin taurari. Aka ba Irshad matsayin waliyin jirgin: farar alkyabba, koren rawani, carbi har gwiwa, da zobe mai batir da ke kawo haske in ya ɗaga hannu yana addu'a.

Mako uku da fara nunawa, mutane suka soma tare shi a kasuwa suna sumbatar hannunsa. Da fari yana cewa, "Haba, ai wasa ne." Ranar da wani ya kawo masa akuya, sai ya daina faɗa. Ya koma zuwa gida da rawanin da zoben, ya shimfiɗa darduma a zaure.

Matarsa Rukhsana ta leƙo ta ce, "Baban Sana, kai da sallar Asuba sai na yayyafa maka ruwa, yau kai ne Pir Sahib, babban shehi?"

"Ki iya bakinki. Allah yana ba wanda ya so."

"Batir dai ya ba ka."

Cikin masu zuwa har da Bibi Zaitun. Mijinta, Chacha Barkat tela, yana da ciwon suga, ga wani gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa, ga shi da tsoron asibiti. Irshad ya je har gidansu, ya kunna zobe, ya yi tofi a ruwa, ya ce, "Ka yi haƙuri, jarrabawa ce. Asibiti na masu raunin imani ne." Aka sallame shi da tukunyar biryani, dafa-dukar shinkafa da kaza.

Bayan mako shida, mai ba da umarni Tauƙir Sahib ya miƙa masa takardar kashi na ashirin. Ashe waliyin nan shi ke sayar wa attajiran saman jirgi iskar numfashi, talakawan ƙasa suna shaƙewa yana musu wa'azi.

Irshad ya shiga roƙo: "Tauƙir Sahib, ka rufa min asiri. A ce 'yan biyu ne mu, mugun ɗan'uwana ne ya yi."

"Irshad bhai, tun farko haka aka rubuta shi. Ba ka karanta labarin ba?"

"Ni nawa layin kawai nake karantawa."

Washegarin da aka nuna, mai akuya ne ya fara buga ƙofa. Rukhsana ta miƙa masa igiyar, ta ce sauran na cikin Pir Sahib. Wata mata ta jefo takalmi ta katanga, ta dawo neman abinta, da ta samu ta sake jefowa. Unguwa duk ta ɗauka: "Ɓarawon iska!"

Kwana uku Irshad bai fita ba. Zagin bai dame shi ba kamar wani wuri a cikin shirin, inda ya dafa wani tsoho mai haki ya ce masa, "Ka yi haƙuri, jarrabawa ce."

Rana ta huɗu ya fita ba rawani, ya nufi gidan tela. Warin ƙafar ne ya tare shi tun daga ƙofa.

Ya durƙusa ya ce, "Chacha, ni ba waliyi ba ne. Zoben nan batir ne a ciki. Ko Yasin ban haddace ba. Ka tashi mu je asibiti."

Bibi Zaitun ta ce, "Ni dama tun ranar da ka nemi ƙarin cinyar kaza na fara shakka."

Chacha Barkat ya ce, "To ɗan nan, tunda ka iya sata, sace ni ka kai ni. Ba na iya takawa."

Irshad ya goya shi har bakin titi, mutane na masa ihu, bai waiwaya ba. Likita ya ce da an ƙara mako guda, da ƙafar ta tafi. Yatsu biyu aka yanke. Har yau Chacha yana ɗinki, kuma duk wanda ya tambayi yatsun sai ya nuna gidan Irshad ya ce, "Suna wajen waliyi."

Darasi: Rawani da carbi ba su ne tsoron Allah ba, ɗan wasa ma yana sa su. Kada ka ci da addini, kada kuma ka bar mai ci da addini ya raba ka da magani. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya tsira da ƙafarsa.