Kuluwa da Ƙwallayen Tsamiya Bakwai

Gatanan gatananku, ga ta nan tafe da ƙoƙo a hannu.

Ta zo mu ji ta, ta zauna mu kalle ta.

To, ku matso. Kai Sabi'u, gama lasar kwanon nan tukuna, ba zan yi magana ana yi mini ƙwar-ƙwar a kunne ba. Yauwa.

Wata yarinya ce, sunanta Kuluwa. Daminarta huɗu a duniya, amma bakinta ya yi na 'yar shekara goma. Abu ɗaya ne ya gagare ta, ƙirga. Takan ce, "Ɗaya, biyu, uku," sai ta yi tsalle ta dira inda ta ga dama. Yau ta dira a goma, gobe ta dira a bakwai. Ran nan aka ce ta ƙirga yatsun hannunta, ta ce, "Ɗaya, biyu, uku, ɗari!" Babanta Ɗanlami ya yi dariya har da riƙe ciki.

Kakarta kuwa, Iya Barmani mai ƙosai, ba ta yi dariya ba. Ita ce ta ba Kuluwa kaza wake-wake, yadda ake ba yaro abin kiwo ya fara da shi. Kaza ta yi ƙwai, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki bakwai. Shida sumul-sumul. Na bakwai ɗan fingi ne, gashinsa a hargitse kamar wanda aka tasa daga barci. Shi Kuluwa ta fi so. A tafin hannunta yake gyangyaɗi, a bakin kwanonta yake tsattsagar tuwo.

Kuluwa ta ce, "Iya, yaya zan san duk sun dawo gida, ni da ban iya bakwai ba?"

Iya ta ce, "Ɗauko ƙaramin ƙoƙon can."

Suka je gindin tsohuwar tsamiyar bayan gida, wadda aka ce akwai aljana a kanta. Iya ta yi sallama, suka tsinci ƙwallayen tsamiya. Kowane ɗan tsako aka ba shi ƙwallo ɗaya. Ɗan Fingi ya sami wani mai ɓalli a gefe, ya dace da shi.

Iya ta ce, "Da yamma ki tsaya bakin akurki. Ɗan tsako ya shiga, ki fitar da ƙwallo ɗaya ki sa mini a zane. In ƙoƙo ya zama wayam, kowa ya dawo."

Haka suka riƙa yi kullum, Kuluwa tana waƙa:

Ɗan tsako shiga, ƙwallo fita,
Ɗan tsako shiga, ƙwallo fita,
Ƙoƙo wayam, mu je mu ci tuwo.

Ashe Dila yana jin labari daga bayan danga. Ya ji an ce mai 'yan tsakin nan ba ta wuce uku a ƙirga. Yawu ya tsinke masa. Ya naɗa rawani, ya rataya gafaka wadda babu ko takarda ɗaya a ciki, ya zo ya yi sallama.

Ya ce, "Malam Ɗanlami, na ga shaho yana shawagi a kan gidanka. Ba ni 'yan tsakin nan in riƙa kai su jiɓar gara, in tsare su, in dawo da su da yamma a ƙirge. Ni fa lissafi a jinina yake. Ladana kaɗan ne, ƙosai bakwai bayan kwana uku."

Ɗanlami ya ga rawani, ya ga gafaka. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ka taimake mu."

Rana ta farko, Dila ya kai su jiɓa. Ya faki idon kaza, ya cafke ɗaya, ya kai kwazazzabo ya kife shi da kwando. Bai ci ba. Ya ce ɗan tsako ɗaya ba ya miya, sai sun kai uku ya ɗora tukunya.

Da yamma ya dawo da su. Kun san 'yan tsaki ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ya ƙirga wannan, ya zagayo ya sake ƙirga shi. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai! Cif!"

Ɗanlami ya ce, "Madalla."

Kuluwa ta yi waƙarta, ta leƙa ƙoƙo. Ƙwallo ɗaya yana zaune yana kallonta.

Ta ce, "Baba, wannan na wane ne?"

Dila ya shafa gemu ya ce, "Ƙwallon ne ya haihu, yarinya. Tsamiya takan yi haka."

Aka tambayi kaza. Kaza ta ce, "Ku rabu da ni. Ni abu biyu na sani, da yawa da kuma babu. Waɗannan da yawa ne."

Rana ta biyu, ya cafke na biyu, ya kife. Da yamma ya ƙirga 'yan tsaki biyar, ya haɗa da uwarsu, ya haɗa da zakaran maƙwabta da ya shigo tsintar tsaba. "Bakwai! Cif!"

Ɗanlami ya ce, "Madalla."

Kuluwa ta leƙa ƙoƙo. Ƙwallo biyu.

Ta ce, "Baba, waɗannan fa?"

Dila ya ce, "Iska ce ta jefo su daga bishiya."

Ɗanlami ya ce, "Ke Kuluwa, ke da kike cewa yatsunki ɗari ne, ke za ki ja da Malam? Wuce ki wanke hannu."

Ni fa abin nan na Ɗanlami yana ba ni haushi har yau. Mutum da idonsa biyu, amma ya bar kunnensa yana yi masa kallo.

Rana ta uku, Dila ya cafke na uku. Da yamma ya zo yana sauri, don ya riga ya haɗa murhu a kwazazzabo. Ya ce, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu," sai ya yi tari, uhum, uhum, ya ce, "bakwai! Cif! A ba ni ƙosaina in tafi."

Kuluwa ta yi waƙarta. Ta leƙa ƙoƙo. Ƙwallo uku, kuma har da mai ɓalli. Ta duba akurki, ta duba ƙarƙashin turmi, ta duba bayan randa. Babu Ɗan Fingi. Hawaye suka zubo mata shar-shar, ta ruga ta faɗa jikin kakarta.

Ta ce, "Iya, na rantse ba su cika ba. Amma shi ya iya bakwai, ni ban iya ba."

Iya ta share mata fuska da bakin zane. Ta ce, "Ni na yarda da ke. Ga ƙosai nan da zafinsa. 'Yan tsakinki ne, ke za ki ba Malam ladansa. Ki ƙirga masa yadda kika iya."

Kuluwa ta dubi Iya. Iya ta dubi Kuluwa. Hawaye suka tsaya.

Ta ɗauko faifai, ta durƙusa gaban Dila da ladabi. Ta ajiye ƙosai tana cewa, "Ɗaya. Biyu. Uku. Bakwai! Cif!"

Dila ya leƙa faifai. Ƙosai huɗu. Ya ce, "Ke, wannan ba bakwai ba ne."

Ta ce, "Ai na ce bakwai, Malam."

Ya ce, "Faɗa da baki ba shi ne cika ba! Bayan uku sai huɗu! Sai biyar! Sai shida! Sannan bakwai!"

Ta ce, "Wataƙila iska ce ta kwashe sauran."

Kai, Dila ya harzuƙa. Ƙamshin ƙosai ya hau masa ka, wayonsa ya zube ƙasa. Ya fizge ƙoƙon, ya kwashe na zanen Iya, ya jera ƙwallaye bakwai a tsakar gida, reras. Ya ɗora ƙosai ɗaya gaban kowane ƙwallo. Ƙosai ya ƙare, ƙwallo uku suna zaune babu komai a gabansu.

Ya ce, "Malam Ɗanlami, zo ka gani da idonka! Haka ake gane gaskiya, abu gaban abu. Ƙwallo ba ya ƙarya. Uku babu!"

Kuluwa ta ce, "To Malam, kada ka taɓa su."

Ta buɗe akurki, ta yi kira, kur-kur-kur. 'Yan tsaki suka fito. Ta ɗauki kowanne ta tsayar gaban ƙwallonsa. Ɗaya ya tsaya. Biyu ya tsaya. Uku ya tsaya. Wani ya tsaya. Shi ke nan. Ƙwallo uku suna zaune babu kowa a gabansu.

Ta ce, "Baba, Malam ya ce ƙwallo ba ya ƙarya."

Kaza ta miƙa wuya ta duba layin, ta ce, "Af! Wannan kam ba da yawa ba ne!" Ta fasa kururuwa.

Dila ya fara ja da baya yana cewa shaho ne, wallahi shaho ne. Sai ƙwallayen nan uku suka motsa. Na gaya muku tsamiyar da mai ita a kai, kuma Iya ta yi mata sallama kafin ta tsinta. Suka yi tsalle, tal, tal, tal, suka fice ta ƙofar gida, mai ɓalli a gaba. Kuluwa ta bi su. Ɗanlami ya bi Kuluwa. Iya ta bi Ɗanlami da muciya a hannu, tana riƙe da jelar rawanin Dila.

Suka gangara kwazazzabo. Ga murhu, ga tukunya, ruwa har ya fara tafasa. Ga kwando a kife. Ƙwallaye suka tsaya a gabansa. Kuluwa ta ɗaga kwando. Tsiyau, tsiyau, tsiyau! Ɗan Fingi ya yi tsalle ya faɗa tafin hannunta, gashinsa ya ƙara hargitsewa.

Iya ta ɗaga muciya. Ta ce, "Malam, ƙirga mini." Tim! "Nawa ke nan?" Dila bai tsaya ba da amsa ba. Ya zame daga cikin rawani, ya bar gafaka, ya bar tukunya, ko ƙosai huɗun nan bai ɗanɗana ba. Shi ya sa har gobe in kun ga dila yana gudu, yana yi yana waiwaye. Muciya ta biyu yake jira.

Da suka koma gida, Ɗanlami ya tsuguna gaban 'yarsa. Kunya ta kama shi, ya ce, "Uwata, na yi miki dariya, ashe ke ce mai ido a gidan nan. Ki yafe mini."

Kuluwa ta ce, "Na yafe. Riƙe mini ƙoƙo."

Ya riƙe, ta mayar da ƙwallayen bakwai ciki. 'Yan tsaki suka fara shiga akurki, tana taɓa kan kowanne da yatsa, shi kuma yana fitar da ƙwallo ɗaya. "Ɗaya. Biyu. Uku." Kowa yana jira ya ji inda za ta dira. Sai ta kumbura kumatu, ta shafa gemun da ba ta da shi, ta yi murya irin ta Dila. "Bayan uku sai huɗu! Sai biyar! Sai shida!" Ta sumbaci Ɗan Fingi, ta tura shi ciki. "Sannan bakwai."

Ɗanlami ya kifa ƙoƙo ya girgiza. Wayam.

Iya ta ce, "Oho, ashe dai Malam ya koyar da wani abu kafin ya tafi." Suka zauna suka cinye ƙosansa.

To kun ji. In an ce muku abu ya cika, ku sa yatsa ku taɓa ɗaya bayan ɗaya. Ku kuma manya, in ƙaramin yaro ya ce da saura, ku sunkuya ku duba ƙoƙonsa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ya faɗa ƙoƙo ya kasa fita. Ke Tasalla, tashi ki jera mini takalman ƙofar ɗakin nan, kowace ƙafa da 'yar'uwarta. Tun ɗazu nake ganin na Sabi'u ɗaya ne.