Manomin da Ya Ari Babbar Riga

Akwai wani manomi da yake zaune a wani ƙauye tare da matarsa da 'ya'yansa uku. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya roƙon kowa, kuma yana so kowa ya san ba ya roƙo. Wata shekara da rani, ciwo ya shiga dabbobin ƙauyen, shanun huɗarsa biyu suka mutu cikin mako guda. Garmarsa ta zauna a jingine bayan rumbu. Damina ta matso, gonar kuwa babba ce, ba irin wadda mutum ɗaya zai juya da fartanya ba, balle shi mai fama da ciwon baya. In bai sami shanu kafin ruwan shuka ba, gidansa zai shekara da yunwa.

Manomin nan yana da wa a wani gari mai nisa, mai garken shanu, wanda ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya. Shekara goma sha biyu rabonsu da ganin juna. Ana cikin wannan hali sai ga wasiƙa daga wan, tana cewa, "Ƙanena, ban taɓa ganin 'ya'yanka ba. Ku ɗauki hoto, kai da iyalinka duka, ka aiko mini, in ga halin da kuke ciki da idona."

Mai hoto yakan zo ƙauyen ran kasuwa. Ana gobe kasuwa da hantsi, matar ta buɗe akwati, ta baza kayan Lahadinsu a kan tabarma. Ga kaftanin maigida, kafaɗunsa sun koɗe, aljihunsa da faci. Ga atamfarta da ta sha wanki har furanninta sun dushe. Ga rigunan yara, kowace ta ɗage ta bar gwiwa a waje.

Manomin ya tsaya a kansu ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Maman Damaris, da waɗannan za mu tsaya? Shekara goma sha biyu Yaya bai gan ni ba, sai ya gan ni haka?"

Ta ce, "To, Baban Damaris, ai halin da muke ciki ya ce yana so ya gani, halin kuwa ke nan. In ta ni ce ma, mu tsaya a gaban turken shanun nan da ba kome a kai, ya gani da kyau."

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe! Hoto fa ajiye shi ake yi. A rataye ni a bangon Yaya, kowane baƙo ya shigo ya ce wane ne wannan abin tausayi? Ba da ni ba."

Sai ya fita. Mutumin da bai taɓa roƙon mudun dawa ba, a ranar gida bakwai ya shiga yana sallama. Ya aro babbar riga ta shadda mai aiki har ciki a wurin wani ɗan kasuwa. Ya aro hula a wurin wani dattijon ikilisiya, da agogon hannu wanda ya daɗe da tsayawa. Ya aro wa matarsa leshi da ɗankwali da sarƙa, ya aro wa yara riguna da takalma. Shi a ganinsa wannan ba roƙo ba ne, shiri ne.

Washegari suka tafi kasuwa suna tafiya a hankali, gama takalman yaran sun yi musu yawa, sai da aka cusa tsumma a ciki. Mai hoto ya rataya labulensa, wanda aka zana gidan bene da mota a jiki, ya jera su a gabansa.

Ya ce, "Baba, ɗaga kai. Ɗora hannu a gwiwa, agogon ya fito. Mama, ɗan yi murmushi mana."

Sau uku yana faɗa mata kafin ta yi. Maigida kuwa ba sai an faɗa masa ba, har ciki ya turo don rigar ta zauna.

Hoto ya yi kyau ƙwarai. Shi kansa manomin da ya karɓa, saura kaɗan ya rusuna wa mutumin da yake ciki. Ya juya bayan hoton ya rubuta, "Muna nan lafiya lau, ba abin da ya dame mu." Ya aika. Kafin rana ta faɗi kowane kaya ya koma gidan mai shi.

Bayan mako uku, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ga amsa. Manomin ya zauna a ƙofar ɗaki ya karanta wa matarsa.

"Ƙanena, na ga hotonku, na yi hawaye don murna. Na ji labari ciwon dabbobi ya bi ta wajenku, hankalina ya tashi, har na ware bijimai biyu horarru zan aiko maka. Na san halinka, ko na tambaye ka ba za ka faɗa ba, shi ya sa na ce a aiko hoto. Da na gan ka cikin wannan riga, na ga Maman Damaris da yara, sai na ji kunyar tunanina, na ce ashe Ubangiji ya riga ni. Bijiman na ba wani maƙwabcina da ya zo ya durƙusa yana kuka, har ya ɗaura musu garma. Hotonku yana bangon ɗakina, kowa ya shigo sai na nuna masa."

Manomin ya sake karantawa a zuci, ya ninke takardar. Matarsa kuwa ba ta ce na faɗa maka ba. Ta shiga ɗaki ta fito da fartanya biyu, ta miƙa masa ɗaya. A shekarar nan kashi ɗaya cikin huɗu na gonar suka iya nomawa, sauran ciyawa ta cinye. Tun kafin wata damina ta zagayo rumbunsu ya koma wayam.

Ma'anar wannan misali ba ta da nisa, 'yan'uwa. Manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. Wan nan mai bijimai yana tuna mana da Ubanmu na sama, wanda yakan shirya taimako tun ba mu buɗe baki ba. Kayan aro su ne duk abin da muke yafawa don kada a ga talaucin zuciyarmu: doguwar addu'a mai daɗin ji, waƙa da babbar murya, fuskar mai adalci ran Lahadi.

Bambanci ɗaya ne. Shi wan, hoto ya ruɗe shi. Allah kuwa ba a ruɗinsa, yana ganin facin da yake ƙarƙashin shaddar. Amma ba ya ɗura wa mutum alheri dole. Wanda ya tsaya a gabansa yana cewa ba abin da ya dame shi, haka zai tashi ya koma gida. Wanda ya zo da zunubinsa da rashinsa a fili, shi ne yakan koma da gafara da taimako.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, sau da yawa ta hannun ɗan'uwan da yake zaune kusa da kai a benci Ubangiji ya shirya taimakon. Yau in an tashi sujada, wani zai kama hannunka a bakin ƙofa ya ce, "Yaya gida?" Bakinka ya saba da amsar, za ta fito tun ba ka yi tunani ba. Ka riƙe ta tukuna. Wataƙila mai tambayar nan da gaske yake yi, ba zai kuma sake tambaya ba sai wata Lahadi.