Kifin Da Babu Wanda Ya Ci

Akwai wani mutum mai suna Mostin a wani ƙauyen bakin teku a wani tsibiri da ake kira Gela. Shi ne shugaban dattawan cocinmu na Angilika, mutum mai ƙwazo, amma ba ya jure a yi masa dariya.

Kowace shekara bayan bikin Ista, masu ziyarar ibada kan ɗauki giciye su bi gaɓar teku a ƙasa, ƙauye zuwa ƙauye, har inda aka yi wa kakanninmu baftisma. Duk ƙauyen da suka sauka, shi ke ciyar da su.

Wata shekara, kifi ya yi ƙaranci. Limamin cocinmu, Fada Kasfa, ya kafa sanda da ganyen kwakwa, alamar hani, a kan duwatsun murjani na cikin teku inda kifi ke taruwa, ya yi addu'a, ya ce kada kowa ya yi su a wurin sai kifi ya hayayyafa. Duk muka ce amin, har da Mostin.

Ana nan sai wan matarsa ya zo daga ƙauyen maƙwabta, ya tsokane shi a gaban mutane.

"Suruki, bana ma rogo da gwaza za ku cusa wa baƙin Allah? Ka faɗa mini in taho da kifina a aljihu."

Aka bushe da dariya. Mostin bai yi ba.

Ya je daji inda tsofaffin bama-baman yaƙin duniya ke kwance, ya kwaso albarushin cikinsu ya ɗura a kwalabe. Matarsa Hilda ta tare ƙofa.

"Baban Meri, wurin da aka yi wa addu'a za ka fasa? Baƙin nan ibada ta kawo su, ba ciki ba."

"Matsa mini. Ba ke ɗan'uwanki ya yi wa dariya ba."

Da safen ranar da baƙi za su iso, ya kira ƙaninsa Lenad, mai 'ya'ya ƙanana, suka shiga kwalekwale. Kwalbar farko ta tashi, kifi ya taso a mace fari fat, manya da 'yan mitsi-mitsi. Lenad ya ce, "Yaya, ya isa haka."

"Ƙara ɗaya. Jefa!"

Ta biyun a hannun Lenad ta fashe.

Masu ziyara suna shigowa da waƙa suka ji kururuwa. Suka jingine giciyen a jikin bishiya, suka ruga cikin ruwa. Wan Hilda ne ya ɗaure dungun da rigarsa, ya kai Lenad asibiti a jirginsa. Kifin kuwa ya wuni a rana yana ruɓewa. Da yamma baƙin suka haƙa rami suka binne shi, Fada yana tsaye yana kuka.

Lenad ya rayu, amma babu hannun dama. Murjanin ya zama tsakuwa, har yau ko ƙaramin kifi ba ya tsayawa a wurin.

Mostin ya ajiye shugabanci da kansa. Ranar da ya je neman gafarar ƙaninsa, ya durƙusa a gabansa. Lenad ya dube shi ya ce, "Yaya, na yafe. Daina kallon hannun nan. Yarana ba su ci komai ba tun jiya."

Tun daga lokacin, gida biyu yake ciyarwa. Kullum sai ya tuƙa kwalekwale har ƙasa ta ɓace masa kafin ya samu abin miya, wata rana kuma ya dawo hannu wofi.

Darasi: Allah bai ba mu teku da ƙasa don mu burge mutane da su ba, amana ce. Wanda ya lalata halitta saboda girman kai, na kusa da shi ne ke fara shan wahalar. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya ajiye kwalbarsa tun bai jefa ba.